Duniyar da 'Yata Take Aunawa

Shekarar da matata ta rasu na koyi dafa shayin mutum ɗaya. Abin kamar wasa, amma sai da ya ɗauke ni watanni. Hannuna ya saba zuba ruwan mutum biyu a buta. Sai ya tafasa in tsaya ina kallonsa, daga baya in zubar da rabi a gindin gwandar da ke bayan kicin.

Gidanmu yana Kafanchan, ba nisa da tsohon layin dogo. Mun gina shi ne dab da zan yi ritaya daga wata makarantar sakandare a Kwoi, inda na sha ƙurar alli fiye da shekara talatin ina koyar da fiziks. 'Ya ɗaya Allah ya bar mana. Ta karanci ilimin taurari, karatun ya yi ta janta har ya kai ta ƙasar Chile, inda ake da manyan madubai na hangen sama a kan duwatsu. Ta zo jana'izar uwarta, ta yi mako biyu, ta koma. Masu zuwa gaisuwa suka ragu, matan zumuntar coci suka kwashe kujerun da suka kawo, gidan ya zama nawa ni kaɗai.

Kowace Lahadi takan kira ni wajen ƙarfe uku, bayan na dawo daga sujada a coci. A can ƙasar, lokacin ba ta daɗe da tashi daga barci ba. Da uwarta tana nan, su biyu suke hirar, ni kuwa ina gefe ina jefa baki. Da ta tafi sai muka gane ba mu iya hira da juna ba.

"Baba, ka ci abinci?"

"Na ci."

"Kana shan maganin hawan jinin?"

"Ina sha. Ya sanyi a can?"

"Da sauƙi."

Daga nan sai shiru, kowa yana jin numfashin ɗan'uwansa, har ɗayanmu ya ɗora wa sabis laifi mu yi sallama. Haka muka yi kusan wata huɗu.

Wata Lahadi, don kawai kada ta kashe wayar da wuri, na ce mata, "Wai ni kam, mene ne ainihin aikin da kike yi? Kullum in an tambaye ni a coci sai in ce taurari, ban san abin da zan ƙara ba."

Ta yi dariya, irin dariyar da rabona da ji tun kafin rashin lafiyar uwarta. Ta ce duniya ɗaya tak take bi, shekara biyu ke nan. Ba cikin duniyoyin da ke zagaya ranarmu take ba. Tana zagaya wani tauraro ne mai nisan gaske, wanda haskensa yakan yi tafiyar ɗaruruwan shekaru kafin ya iso gare mu. A girma ta kai Jufita, babbar duniyar da na yi ta zana wa ɗalibai a allo. Amma a nauyi ba ta ko kama ƙafarta ba.

"Baba, in da za ka ɗebi mudu ɗaya na jikinta, ba zai kai kashi ɗaya cikin goma na nauyin mudun ruwa ba. Kusan dukanta iska ce da ta kumbura."

Na ce ban yarda ba. Na ce an yi kuskure a lissafi. Na tambaye ta yadda aka yi ta san girman abin da ba ta taɓa gani ba.

Ta ce lallai ba wanda ya taɓa ganinta. Duk lokacin da ta gitta ta gaban tauraronta, haskensa yakan ragu kaɗan, da yawan raguwar ake gane girmanta. Nauyin kuma daga rangajin tauraron ake samo shi, don duniya mai nauyi takan ja tauraronta ya riƙa ɗan layi. Wannan kuwa da kyar take motsa shi. Abin da take ƙoƙarin aunawa ke nan, kuma abin da har yanzu ba a gane ba shi ne yadda aka yi ta kumbura haka ba ta watse ba.

Ranar mun yi fiye da awa ɗaya. Sai da batirin wayata ya mutu. Na tashi na zaro tsofaffin littattafaina daga akwati, na zauna a baranda ina bin lissafin da ta faɗa da fensir har hasken rana ya ƙare. Lissafinta daidai yake. Na ji haushi kaɗan, na kuma ji wani daɗi da ban san inda zan kai shi ba, don babu kowa a gidan da zan ce wa, zo ki ga abin da yarinyar nan ta yi.

Daga nan Lahadi ta zama ranar wannan duniyar tata. Ina tara tambayoyi tun daga Litinin. A cikin watan Satumba ta kawo wata shawara. Ta ce za ta zo Kirsimeti, kuma tana so ta yi wa mutane bayani a cocinmu na Kwoi, inda aka yi mata baftisma, amma da Hausa, don tsofaffi su ji.

"Sai dai Hausata ta tsufa, Baba. Yarenmu kuwa ka san gaisuwa kawai ta rage mini. Kai za ka nemo mini kalmomin."

Na sayi sabon littafin rubutu washegari. Tauraro ba wuya. Duniya ma haka. Madubin hangen nesa na rubuta na ja layi. Inda na maƙale shi ne yadda zan ce abu yana da girma amma nauyinsa bai kai girmansa ba. A aji da Turanci nake faɗa, kalma ɗaya, in wuce. Na gwada "marar nauyi", na ga ba haka ba ne, don duniyar nan ta fi tamu nauyi nesa ba kusa ba. Na gwada "fanko", na ga ai ba wofi ba ce. Hausa ba ita na sha a nono ba. A makaranta da kasuwa da littafin waƙoƙi na tsince ta, kuma a wannan makon na ji iyakarta a bakina.

Akwai wani mai ɗinka katifa da matashin kai a kasuwar Kafanchan, Bahaushe, sa'ana ne ko ya ɗan girme ni. Shekara da shekaru muna gaisawa in na wuce, ban taɓa zama a rumfarsa ba. Ran nan na zauna. Yana cusa audugar rimi cikin wani matashi, farin gashinta ya manne masa a gira. Na yi masa bayanin matsalata ina jin kunya, don na ɗauka zai ga tsufa ya fara taɓa ni.

Bai yi dariya ba. Ya ajiye allura, ya nuna wani ƙaton buhu da ke jingine da bango.

"Malam, ɗaga wancan."

Na tattara ƙarfi na sunkuya, buhun ya taso sama kamar zai kufce mini, har na yi baya taga-taga.

"To yaya ka ji shi?"

"Ba nauyi."

"A'a, akwai nauyi mana, ai da sikeli nake saye. Sakayau ka ji shi. Ido ya ce maka dutse, hannu ya ce maka ƙarya ne. Shi ne sakayau."

Na rubuta a littafina a tsaye. Ya tambaye ni ko da gaske akwai wata duniya bayan wannan da ba lahira ba. Na ce akwai dubbai. Ya girgiza kai ya ce, "Ikon Allah," ya cika mini leda da audugar ya ce in kai wa 'yar tawa, ta nuna wa mutane. Na yi kusan awa biyu a rumfar. Da na koma gida na lura rabona da yin magana mai tsawo haka da wani ido da ido tun ranar da aka share makoki.

Malamin fiziks ba ya nuna abin da bai auna ba. Sai na shiga mota zuwa Kwoi, wurin ƙanwar matata, wadda take sayen citta tana tarawa a sito. Shekarar ce cuta ta shiga gonaki citta ta ruɓe a ƙasa. Tun daga Fadan Kagoma nake ganin gonakin, ganye ya yi rawaya ya kwanta tun lokacinsa bai yi ba. Sitonta da na sani cike har rufi, na tarar da shi wayam, sai ƙamshin cittar bara da ya kama bango. Tana zaune a ƙofa tana tsince acca.

"Maigidana, yau kai ne a garinmu? Lafiya?" Haka take kirana tun ina neman yayarta.

Na ce ƙaramin sikelinta nake so ta ara mini. Ta kawo. Na auna mudu wofi, na cika shi da ruwa na auna, na zubar na goge, na cika shi da audugar rimi ba tare da na danna ba. Allurar sikelin da kyar ta motsa. Na rubuta. Tana tsaye da hannu a ƙugu tana kallona.

"Tun daga Kafanchan ka shigo mota don ka auna audugar matashi?"

Na yi mata bayanin duniyar. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Ka rame. Wuyan rigarka ya yi maka yawa. Wa yake dafa maka?"

"Ina dafawa."

"Shayi ba abinci ba ne. Ka rufe gidan nan ka dawo Kwoi. Ga ɗaki a baya, ga mutanen da suka san ka. Can wa kake da shi?"

Na ce zan duba. Ta san ba zan duba ba. Kabarin yayarta yana Kafanchan, kayanta suna rataye yadda ta bar su. Kafin in tafi na biya wurin faston cocin na gaya masa shirin 'yata. Ya yi murna ƙwarai, ya ce zai sa a sanarwa, washegarin Kirsimeti da ƙarfe huɗu.

Watan Nuwamba na yi shi ne cikin shiri. Na sa aka yi wa ɗakinta fenti, na wanke labule, na gyara ragar taga. Na sayi zakara biyu na ɗaure a bayan gida. Littafina ya kai shafi ashirin.

Lahadin farko ta Disamba ta kira, daga sallamarta na san akwai magana.

"Baba, an ba ni babban madubin. Kwana uku. Tun bara nake nema."

"Madalla. Yaushe?"

"Daga jajibirin Kirsimeti. A cikin kwanakin ne za ta gitta gaban tauraron a lokacin da za a iya gani daga nan. In na bari, wani za a ba, ban san ranar da zan sake samu ba."

Na ce ba komai. Na ce aiki ai shi ne gaba. Na ce Ubangiji ya ba da nasara. Duk na faɗa da murya mai kyau, irin wadda nake karanta sanarwa da ita a coci. Da ta kashe na shiga ɗakin da aka yi wa fenti na zauna a bakin gado. Warin fentin bai gama fita ba.

Lahadi biyu da suka biyo baya wayar ta yi ta ƙara a kan tebur ban ɗauka ba. Ina zaune ina kallon hotonta yana haske yana mutuwa. Na tura mata saƙo cewa sabis ne ba kyau. Ban taɓa yi wa yarinyar nan ƙarya ba sai a wannan watan, ina da shekara kusan saba'in. Abin da yake cina a rai, wanda ban iya faɗa wa kowa ba, shi ne an ajiye ni a gefe saboda wani abu da ba a ma taɓa gani ba, kuma ni da kaina na bi lissafin na tabbatar yana nan.

Na yi niyyar kiran fasto in ce a soke. Ya riga ni kira. Ya ce an yi sanarwa sau uku, tsofaffi suna ta tambaya. "Baba Tica, ai kai ka koya mata. Ka zo ka yi mana."

Ranar Kirsimeti na je sujada, na ƙi gayyatar maƙwabta, na yanka zakara ɗaya na ci cinya na rufe sauran. Washegari na sa audugar da mudu biyu da tocila da lemo a jaka na tafi Kwoi.

An yi rashin sa'a ranar akwai ɗaurin aure a wani ƙauye kusa, matasa da mawaƙan coci duk sun tafi can. Ana jin gangunansu daga nesa. A ɗakin taron cocin na ƙirga mutum goma sha ɗaya: fasto da matarsa, ƙanwar matata, dattawa uku, sauran tsofaffin mata ne da suka ɗaura zanen zumunta. An jera kujeru sun fi sittin. Fasto ya buɗe da addu'a, ya ba da haƙuri cewa 'yarmu ba ta samu zuwa ba.

Na sa aka rufe tagogi. Na kunna tocila na haska bango, na ce wannan tauraro ne. Na ratsa da lemo ta gabanta, hasken ya dushe ya dawo. Na ce haka 'yarku take ganin duniyarta, ba ita take gani ba, raguwar hasken take gani. Sannan na zagaya da mudun ruwa da mudun auduga kowa ya ɗaga. Da na ce "sakayau" matan suka yi dariya suna maimaitawa. Muryar aji ta dawo mini, har na manta da kujerun da ba kowa.

Da na ce ko akwai tambaya, wata tsohuwa ta ɗaga sandarta. Na santa, mijinta ya yi kukun makarantarmu, ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta duk suna Kaduna da Abuja. Hausarta irin tamu ce ta gida, ba ta bambanta mace da namiji.

"Tica, wannan duniya, shi yana da mutane?"

"Babu, Mama. Ba ƙasa da za a taka, ga zafi."

"Ko tsuntsu?"

"Ko tsuntsu."

"Mene ne sunansa?"

"Ba ta da suna, lamba aka ba ta."

Ta jinjina kai ta daɗe. "To tun da Allah ya yi shi, yana ta zagayawa haka, ba wanda ya sani, sai yanzu yarinyarmu ya gan shi?"

"Ita da abokan aikinta, i."

"Ai gara da bai zo ba," in ji ta. "Ya zauna ya duba shi da kyau. Mu muna nan."

Fasto ya karanta Zabura ya rufe taro. Ƙanwar matata ta cusa mini kwanon shinkafa a jaka, ta raka ni har bakin titi ba ta ce komai ba game da ɗakin baya.

Na iso gida rana tana shirin faɗuwa. Ban cire takalmi ba na ɗauki waya na kira ta. Tunda ta tafi ƙasar nan ban taɓa kiranta da kaina ba, kullum ita ce mai kira. Ta ɗauka tun ƙarar farko.

"Baba! Lafiya? Me ya faru?"

"Lafiya lau. Na yi taron."

Na ba ta labari tun daga tocila har tambayar tsohuwa. Ban ji ta yi dariya ba.  Ta ce a ranar da duniyar ta gitta, gajimare ya rufe dutsen, wurin da ake yin watanni ba a ga hadari ba. Rabin abin da take nema kawai ta samu. Ta ce ranar Kirsimeti burodi da kifin gwangwani ta ci, ita da wani injiniya da ba ya jin Turanci sosai. Ta kira ni sau biyu ranar, wayata tana kashe.

"Na san ba sabis ba ne, Baba."

Na ce, "Ba sabis ba ne. Ki yafe mini."

Wannan karon ba wanda ya nemi kashewa. Can ta ce abin da take ta kwaɗayi tun safe shi ne paten accan Mama, mai yakuwa da gauta, kuma ba ta taɓa tsayawa ta koya ba. Ta tambaye ni ko na san yadda ake yi. Na ce na sha gani, amma ban san me ake fara sawa ba. Mu biyu muka yi ta haɗa abin da muka tuna, ita ta ce gyaɗa ake fara damawa, ni na ce ganye. Ba mu daidaita ba.

Ta zo a watan Agusta, ta yi kwana goma. Ruwa aka yi ta yi ba ƙaƙƙautawa, ko sau ɗaya sama ba ta buɗe ba balle ta nuna mini ɓangaren da tauraron yake. Mun je Kwoi, innarta ta tsaya a kanmu muka dafa paten, ashe dukanmu biyu ba mu faɗi daidai ba. Ta nemi tsohuwar nan don ta gaishe ta, aka ce 'ya'yanta sun ɗauke ta zuwa Kaduna tun bikin Ista saboda ciwon ƙafa. Awon nauyin duniyar bai kammala ba har yanzu, an ce ta sake neman madubin baɗi.

Ranar da za ta koma na raka ta tasha da sassafe. Ta samu kujerar gefen taga a motar Abuja. Mun jira fasinja biyu kusan awa ɗaya, ina tsaye a jikin motar riƙe da lema muna magana ta taga a kan maganina da rufin kicin da yake yoyo. Da mota ta cika direba ya ja, ta ɗago hannu, na ɗaga lemar. 'Yan acaɓa suka yi ta yi mini hon, na ce su bari. Na taka a ƙafa har gida.